Jama'a, Biki Ya Ƙarato: Karen Gida Amana Ne

Wannan kira ne ga duk mai kare a gida ko a gona ko a ruga, da wanda maƙwabcinsa ke da shi, da wanda 'ya'yansa ke shiga gidajen mutane yawon biki. Ke nan babu wanda kiran ya bari.

Ko Kirsimeti da Sabuwar Shekara ne a tsakiyar hunturu, ko Ƙaramar Sallah da Babba, shirinmu kusan iri ɗaya ne. An kai ɗinki, an tanadi shinkafa da mai, an yi cinikin rago ko kaji, an share gida an feshe shi. An yi lissafin kowa, har da baƙon da ba a tabbatar da zuwansa ba. Wanda ake mantawa shi ne wanda ya shekara cur a bakin ƙofa yana gadi, ba albashi ba hutu. Ranar da gida ya fi murna ita ce ranar da ta fi yi masa tsanani: ƙara ta ko'ina, baƙin fuskoki, ƙofa a wangale, abinci mai cutarwa a zube, mai gida kuma ya shagala. Kare in ya firgita, ba shi kaɗai ke ɗanɗana kuɗarta ba. Shi ne ke tsinke sarƙa ya faɗa titi, shi ne ke cizon yaron da ya shigo barka da Sallah. Saboda haka wanda ya kwantar wa karensa hankali a kwanakin nan, ya tsare lafiyar unguwa ne baki ɗaya.

Na san akwai mai cewa, "Kare ne fa! Mutane na fama da tsadar rayuwa, ana zancen kare?" Gaskiya ne ana fama. Amma akasarin abin da ake nema a nan ba kuɗi yake ci ba, kula ce da ɗan lokaci. Kuma ba baƙuwar ɗabi'a aka shigo mana da ita ba. Musulunci ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya da galibinmu muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa saboda haka. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci kuma sun sani cewa Littafin Karin Magana ya lissafa kula da ran dabba cikin halayen mai adalci. Babu wanda ya ce dole sai ka ajiye kare. Amma ranar da ka ɗaure shi a gidanka, ka ɗauki amana, kuma amana ana tambayarta.

Mu fara da ƙara, don ita ce babbar fitina. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a sautin da ke kaɗawa kusan sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na kare yana kama wanda ya kai sau 45,000 har ya zarce. Yana jin abin da ba ma ji, daga nisan da ba ma jiyowa. Nokawut da manyan kayan wasan wuta kuwa, in sun fashe a kusa, ƙararsu kan haura desibel 150, alhali tun daga 85 ƙara mai daɗewa ke fara yi wa kunnen mutum lahani. Ga kuma babban bambanci: kai ka san daren 31 ga Disamba ne, ka san in an jima za a daina. Shi bai san kalanda ba. Abin da ya sani shi ne sama na fashewa, iska na warin albarushi, kuma ba ya ganin abokin gaba balle ya yi masa haushi ya kore shi.

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos, ko Sabon Garin Kano, ko Abuja, a daren shiga sabuwar shekara ya san yadda gari ke ɗauka da sha biyun dare. Ku dubi karen da aka bari ɗaure a tsakar gida a wannan sa'a. Kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, harshe a waje yana haki alhali sanyi ake zubawa, miyau na dalala, jiki na ɓari. Yana ta zaga turke har sarƙar ta nannaɗe ta shaƙe masa wuya. Wani ya yi ta yagar ƙofa da farce har ƙafarsa ta yi jini. Wani fitsari ya kufce masa. Wanda ya samu ya ɓalle kuwa, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ido rufe zai haure katangar da bai taɓa haurawa ba, ya faɗa gaban mota, ko ya yi ɓatan dabo a unguwar da bai sani ba. Haka abin yake a garuruwan hawan Sallah irin su Kano da Zariya da Katsina, idan 'yan bindiga suka fara sakin wuta, ga tambura, ga samari a kan babura sun cire salansa.

Ya kai mai gida, maganin wannan yana hannunka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako biyu ko uku, zaɓi ɗaki ɗaya na can ciki, ko sito ko gareji. Kwashe maganin ƙwari da gubar ɓera da galan ɗin fetur daga ciki. Shimfiɗa buhu ko tsohon bargo, ka jefa tsohuwar rigar wanda karen ya fi sabawa da shi, don warin jikin wanda ya sani yana kwantar masa da hankali. Riƙa ba shi abinci a can kullum, ya saba da wurin a matsayin mafaka, ba kurkuku ba. Ranar biki, a fita da shi da rana ya zazzaga, ya gaji, ya yi bayan gida. A ciyar da shi kafin magariba, a shigar da shi kafin ƙarar farko, ba bayanta ba. A saki labule, a kunna rediyo daidai wa daida don ya rage kaifin ƙarar waje, a ajiye ruwa wadatacce. In kuwa Sallar ta faɗo a bazara, a tabbatar iska na ratsa ɗakin. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi, kuma ɗakin kwano a rufe ruf yana iya hallaka shi cikin ɗan lokaci. A wuyansa a ɗaura abin wuya mai lambar wayarka, ka kuma ɗauki hotonsa a waya, ko da ƙaddara za ta sa a shiga cigiya.

Abu uku kuma a kiyaye. Kada a doke shi don yana kuka ko ya ɓata ɗaki, duka ƙara masa tsoro yake yi. Kada a janyo shi daga ƙarƙashin gado ko mota in ya ɓuya, don a nan ne ko mai shi yake iya shan cizo. A bar shi, a zauna kusa, a yi masa magana a hankali. Na uku, kuma mafi haɗari, kada a je kemis a sayo maganin mutane a ɗura masa wai don ya yi barci. Farasitamol yana lalata wa kare hanta da jini, ibuprofen yana cinye masa ciki da ƙoda, balle a je ga tiramadol ko kodin. In tsoron karenka ya wuce misali, akwai magungunan da aka yi don haka, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyinsa ya rubuta. Je ka gan shi tun kafin a tafi hutu.

Ya ke uwargida, da ku 'yanmata masu aikin girki, kashi na biyu a hannunku yake. Mun saba cewa duk abin da ya rage a tukunya na kare ne. A ranar biki wannan sabo yana kashewa. Ƙashin da aka dafa ko aka soya, musamman na kaza, tsagewa yake yi ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Kitse da fatar kaza da ragowar man suya, in kare ya narka su da yawa a zama ɗaya, suna kumbura masa wata gaɓa ta ciki da ke taimakon narkar da abinci, sai amai da ciwon ciki mai tsanani, wani lokaci har mutuwa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Ke nan miyar biki da dafa-duka da tsire mai yaji ba abincinsa ba ne. Cakulan yana ɗauke da wani sinadari da jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, kuma irinsa na cikin goro tare da sinadarin da ke hana barci. Inabi da zabibi, irin wanda ake zubawa a kek, suna iya tsayar masa da ƙoda. Wasu cingam marasa sukari suna da wani abin zaƙi da ke faɗar masa da sukarin jini nan take. Giya kuwa ko da wasa kada a ɗanɗana masa. Sannan a lura da shara: ledar da aka ƙunso nama, tsinken tsire, igiyar da aka ɗaure balangu, duk ƙamshin nama suke yi, kuma kare haɗiye su yake yi su toshe masa ciki. In ana so a yi masa nasa bikin, a ware masa tsokar nama dafaffiya, ba gishiri ba yaji, a haɗa da farar shinkafa. In kuma an ga alamar ya ci guba, kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara, yana iya shaƙe su su shiga huhu. A ɗauki kwalin abin da ya ci a garzaya asibitin dabbobi.

Ya ku mahauta da masu fiɗa ranar layya, a nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. Ka farke cikin rago, ka fito da hanta ko huhu, sai ka ga wani farin ƙulli mai ruwa a ciki, girman goro ko ya fi. Ka sa wuƙa ka yanke wurin, ka ce wannan ba ya ciwuwa, ka wurga wa karen da ke zaune gefe yana lasar baki. A ganinka ka yi tsafta kuma ka yi alheri. Alhali wannan ƙulli cike yake da 'ya'yan wata tsutsa da likitoci ke kira Ekinokokus. In kare ya ci, sai su girma a hanjinsa su zama tsutsotsi 'yan ƙanana. Karen ba ya nuna alamar ciwo, amma kashinsa na fita da ƙwai, su watsu a ƙasa da ciyawa da ganyen lambu da gashin jikinsa. Tumaki su ci a kiwo, cutar ta sake zagayowa. Yaro ya shafa kare ko ya yi wasa a ƙasa ya sa hannu a baki, sai irin wannan ƙulli ya fara girma a hantarsa ko huhunsa, shekara da shekaru ba a sani ba, har sai ya kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da wannan cuta a kowane lokaci, shi ya sa a Aljeriya da Maroko da Tunisiya ake gangamin wayar da kai a kanta duk Sallar Layya. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: duk kayan cikin da aka ga ƙulli a jikinsu, a ƙone su, ko a haƙa rami mai zurfi a binne inda kare ba zai tono ba. Kada a jefa a bola ko a kwata. A nisanta karnuka daga wurin yanka, a kuma riƙa ba na gida maganin tsutsa bisa shawarar likita.

Ya ku iyaye, yanzu ga batun da ya fi tsayawa a rai. Ranar biki yara kan fita ayari-ayari cikin sababbin kaya, suna kutsawa gidajen da ba su saba shiga ba, da gudu da ihu. Karen da ya kwana a firgice, ga shi yana tsaron ƙashi, ga baƙi sun yi masa ca, ba abin da ya rage masa sai haƙori. Cizon kare kuwa ba rauni kawai ba ne. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, amma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai a tashi. Abin takaicin shi ne rigakafinta ya daɗe a duniya, tun 1885 da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro allura ya tsira. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin allurar karnuka. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na jihohi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo allura daga wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Allurar na bukatar makonni kafin ta kama jiki, don haka a yi ta tun saura wata guda. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

Ku koya wa yara kafin su fita: a yi sallama a tsaya a ƙofa, a tambaya ko akwai kare. Kada a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Kada a jefe shi, kada a ja masa wutsiya. In ya taso, kada a ruga, a tsaya cik, a naɗe hannu, a kau da ido, gudu ne ke sa shi bi. In kuma ƙaddara ta faɗa, ko da yakushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15 cur, sannan a nufi asibiti a ranar, ba sai an gama biki ba. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen da ya yi cizon kuma, in na gida ne, a killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a kai yaron asibiti. A gaya wa yara cewa ba za a doke su ba in sun faɗa, don yaro da yawa kan ɓoye cizo saboda tsoron faɗa.

Ku masu tafiya gida hutu, kada ku kulle kare da kwano ɗaya na tuwo da bokitin ruwa ku ce sai bayan mako. Bokiti kan kife tun ranar farko. Ku damƙa shi a hannun wanda ya san shi, ku bar abinci da kuɗi da lambar likita. In da shi za a tafi, ba a sa shi a but ɗin mota, ba a kuma barin sa a mota a rufe cikin rana.

Ya ku samari, ba wanda ya ce kada ku yi murna. Amma jefa wa kare nokawut, ko ɗaura masa a wutsiya don a yi dariya, ba wasa ba ne, zalunci ne, kuma ƙarshensa kan zama cizon ƙaninka. Ku tuna cewa ba dabbobi kaɗai ƙarar ke razanawa ba. Akwai jarirai, akwai tsofaffi masu hawan jini, akwai waɗanda suka gudo daga garuruwan da ƙarar bindiga ba ta biki ba ce. Kusan kowace shekara rundunonin 'yan sanda na sanar da hana harba nokawut a lokacin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, kuma mutanen Legas ba su manta gobarar 26 ga Disamba, 2012 ba, ranar da rumbun kayan wasan wuta ya fashe a unguwar Jankara ya cinye gine-gine. Ana iya biki ba tare da wannan ba. Wani ƙaramin gari a Italiya, Kolekiyo, tun 2015 ya zaɓi wasan wuta mai ƙarancin ƙara saboda dabbobi, kuma bikinsu bai fasa armashi ba.

Ya ku malamai da limamai da fastoci, minti biyu a huɗuba ko wa'azi kan haƙƙin dabba da haɗarin kayan ciki masu ƙulli zai kai inda takarda ba ta kaiwa. Ya ku masu unguwanni da dagatai, ku sa a yi shela: duk mai kare ya yi masa allura, ya killace shi ranar biki, kuma a tanadi ramin binne ɓataccen kayan ciki a kowace unguwa. Ƙungiyoyin mafarauta, ku da kuka fi kowa sanin darajar kare, ku shige gaba wajen kai naku allura. Gidajen rediyo, ku gayyato likitocin dabbobi su yi bayani da Hausa kafin biki, ba bayan an yi asara ba. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, duniya ta sa shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin haukan kare. Ba za a kai ga haka da taron ranar yaƙi da cutar ta 28 ga Satumba kaɗai ba. A fito da allurar karnuka kyauta ko da rahusa kafin manyan bukukuwa, a tabbatar allurar waɗanda aka ciza tana nan a asibitoci a ranakun hutu, a kuma bar likitan dabbobi ko da ɗaya a bakin aiki.

Jama'a, rigakafi ya fi magani, kuma aikin na wannan makon ne. Duba katin allurar karenka yau. Gyara masa ɗaki gobe. Nemi lambar likitan dabbobi ka adana a waya. Tara yara ka yi musu bayani, ka leƙa gidan maƙwabci ka isar masa da wannan saƙo, ka ja kunnen mai yi maka fiɗa tun kafin ya wasa wuƙa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya kai mu bukukuwan nan lafiya, ya fitar da mu lafiya, mu da iyalanmu da duk abin da ya ba mu amanarsa. Amin.